Ranar da Aka Gwada Nonona da Tururuwa

Har yau akwai tsofaffi a unguwar Kilomita Biyar waɗanda in an ambace ni sai su ce, "Au, marar kunyar nan?" Ko a jikina. In ma a kunnena aka faɗa, gyara ɗaurin ɗankwalina nake yi in wuce, don na san ranar da na samo sunan, kuma da za a maido ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

A unguwar Kokoro aka haife ni. Mahaifina Bahaushe ne, mahauci, shi ma a nan birnin Bangi ya buɗe ido. Mahaifiyata 'yar ƙasa ce daga bakin kogi, ta musulunta tun kafin ya aure ta. Saboda haka Sango, yaren ƙasar, muke yi a gida daga safe har yamma, Hausa sai Baba ya dawo daga kasuwa. Tun ina 'yar mitsitsiya ni ke zama gindin kaskonta a bakin titi, tana toya makala, fanken nan namu na fulawa, ni kuma ina ɗiga wa masu saye zuma a kai. Aikina na farko kowace safiya shi ne in buɗe kwalbar zumar in tsince matattun tururuwa da tsinke. Na tsani aikin nan kamar me.

Mijina ɗan Damagaram ne. Ya zo da niyyar shekara biyu, ya buɗe shagon madara da sukari da ganyen shayi a kasuwa, ya gan ni, shekara biyun ta miƙe. Da na samu ciki, mahaifiyata kuwa ta riga ta rasu, sai ya aika gida aka turo ƙanwar mahaifinsa ta zo ta yi mini jego. Gwaggo ke nan. Doguwa ce, busasshiya, goro ba ya barin bakinta. Ba zan ci haƙƙinta ba, mace ce mai aiki: tun da ta sauka ban ƙara jan guga ba, ban ƙara sunkuyawa gaban murhu ba. Amma fa komai namu bai yi mata ba. Gozo, tuwon rogonmu, ta ce danƙo ne. Miyar ganyen rogo ta ce abincin awaki. Hausata kuwa, in na buɗe baki na cakuɗa da Sango sai ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Ɗana ya auro mana rediyo mai tasha biyu."

Na taɓa tambayar mijina 'ya'yanta nawa. Ya ce uku, amma duk yayarta ce ta raine su tun suna cikin tsumma. Ban bi ba'asi ba, riƙo ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Darasin da ta fi nanata mini shi ne kunyar ɗan fari. Ta zaunar da ni ta ce, "Ke yarinya, buɗe kunnenki. Abin da ke cikin nan naki, in ya fito, ba naki ba ne a idon mutane. Ba kya kiran sunansa. Ba kya ɗaukarsa sai an miƙo miki. In manya na wuri, ko kallonsa ba kya yi. In an sa miki shi a nono, ki kau da kai." Na ce to, Gwaggo. Kuma wallahi da zuciya ɗaya na ce to ɗin. Ina so a ce ɗansu ya auro 'yar mutunci, kada a koma Damagaram a ce 'yar Bangi ba ta san komai ba.

Shekarar ce sojoji suka yi ta bore. Na farko ya zo ya wuce cikin 'yan kwanaki, har mijina ya ga gari ya lafa ya tafi Kamaru saro kaya. Bai daɗe da tafiya ba na biyu ya ɓarke, shi kuwa ba wasa. Aka datse hanyoyi, aka shiga fasa shaguna a cikin gari. Maƙwabtansa na kasuwa, Allah ya saka musu, suka lodo kayan shagonmu a amalanke suka turo mana gida, katan-katan har rufin ɗaki. Muna jin harbi, wani lokaci daga nesa, wani lokaci kamar a bayan katanga. Cikina kuwa bai cika wata takwas ba.

Na idar da sallar asuba ke nan wata rana na ji ruwa ya biyo ƙafata. Babu tasi, babu maganar asibiti. Wata maƙwabciya ta yi ta maza ta tsallaka gada zuwa unguwar Yakite ta kira wata tsohuwar unguwarzoma, Kirista, wadda ta yi shekaru tana aiki a ɗakin haihuwa kafin ta ajiye. Kowa Mama yake ce mata. Ta san ni tun ina ƙarama, don kullum a wurin mahaifiyata take sayen makala. Ta shigo da silifa da 'yar jakarta, tana haki, tana zagin sojoji da duk wanda ya ba su bindiga.

Da hantsi na haihu. Mace. Da Mama ta ɗago ta na duba, ban taɓa ganin ɗan mutum ƙarami haka ba. Kamar 'yar shila wadda ba ta yi gashi ba, fatar ja, ana ganin jijiyoyi. Kukan ma sai ka kasa kunne kafin ka ji.

Gwaggo ta riga ta shirya: ruwan zafi a daro, soso, sabulun salo. A wurinsu jaririn da ba a dirje shi ranar haihuwa ba, ƙarni zai bi shi har tsufa. Ta miƙo hannu, Mama ta ture hannun. To ga Gwaggo ba ta jin ko "zo in kashe ki" da Sango, Mama ba ta jin Hausa, sai ga ni kwance cikin jini ina tafinta. Mama ta ce, "Gaya wa tsohuwar nan in ta sa yarinyar nan a ruwa, kafin rana ta raba za ta binne ta." Na ce, "Gwaggo, wai a ɗan dakata da wankan." Gwaggo ta ce, "Gaya wa matar nan mun wanke jarirai tun ba ta san hannun damanta ba." Na ce, "Mama, wai ta gode."

Mama ta goge jaririyar da busasshen zane, ta yanke safar mijina ta yi mata hula, ta kwantar mini da ita tsirara a tsakanin nonuwana, cikinta a jikina, kanta a juye gefe, ƙafafu a tanƙwashe. Ta ɗaure mu tare da zane, ta sa mini babbar rigar mijina a sama. Sannan ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi mini magana a hankali.

"'Yata, irin wannan a kwalba ake sa su a asibiti. Kwalbar tana can bayan bindigogi, ko mun kai ta ma babu wuta. Saura jikinki. Sanyi ne ke kashe su. Kada ki kwance ta daga nan, ko waye ya ce. Ba ta da ƙarfin tsotso tukuna, ki riƙa tatsa a cokali kina ɗiga mata, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Wannan na farkon mai kauri shi ne maganinta. Ban da ruwa, ban da komai. Kin ji ni?"

Ta nuna mini yadda ake tatsa, muka samu ɗigo biyar ko shida, rawaya, masu yauƙi. Yarinyar ta motsa baki ta haɗiye. Ana haka aka zo kiran Mama, wata ma tana kan gwiwa a can Yakite. Ta ce za ta dawo da yamma. Harbi ya tsananta a wajen gada, ba mu ƙara ganinta ba sai bayan kwana uku.

Gwaggo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. "Goyo a gaba? 'Yar fari kuma? A ina aka taɓa yin haka?" Amma ranar ta ƙyale ni, ina jin ganin jinin da na zubar ne. Dattijon maƙwabcinmu da aka kira ya yi huɗuba, da ya ji inda jaririyar take sai ya ja ya tsaya a bayan labule ya ɗaga murya daga can. Abu guda Gwaggo ta kafe a kai: babu nono sai an zubar da dakashi, wannan na farkon ke nan, sai kuma an gwada. Ta ɗauke cokalin ta fita da shi. Ta manta shago guda ne a ɗakin, ga ƙunshin cokulan shayi nan a gefen gado. Duk fitar da za ta yi sai in zaro ɗaya in tatsa in ɗiga. Haka muka wuni, haka muka kwana a zaune, ina jin numfashinta a fatata.

Washegari da hantsi mata biyu suka shigo barka, tsofaffi, 'yan can arewa irin Gwaggo, matan da ko mijina a tsugune yake gaishe su. Gwaggo ta samu 'yan'uwa. Ta ce, "Ruwan wankanki ya tafasa. Kwance ta." Na dubi tsofaffin nan, suka dube ni. Maganar Mama tana kunnena. Amma na kau da kai kamar yadda aka koya mini, Gwaggo ta kwance zanen ta ɗauke ta. Wannan shi ne abin da har gobe in na tuna nake jin haushin kaina.

Na yi wankan a bayan ɗaki, ɗaya tsohuwar tana fyaɗa mini ruwan zafi da ganye. Ban ji zafinsa ba, hankalina na ɗaki. Da na dawo na tarar an naɗe ta a tsumma an kwantar a tsakiyar gado, ita kaɗai. Ba ta kuka, ba ta motsi. Allah ya sa ba su yi mata wanka ba, wai sai rana ta ɗaga.

Gwaggo ta miƙo mini ɗan ƙoƙo ta ce in tatsa. Na tatsa, da ƙyar ya rufe gindin ƙoƙon. Ta fita tsakar gida, ana harbi fa, ta tsuguna gindin mangwaro tana bin tururuwa, ta kamo uku a cikin gwangwanin tumatir. Ta bayyana mini yadda abin yake, tunda ni 'yar Bangi ce ban sani ba: za a jefa tururuwa a nonon. In ta fita da ƙafarta, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugun nono ne, dafi ne ga jariri, sai an yi kwana bakwai ana wanke shi da magani kafin a sake gwadawa.

Ta jefa ɗaya. Muka sunkuya mu huɗu a kan ƙoƙo. Tururuwar ta yi ta mutsu-mutsu, ta ja ƙafa ɗaya ta maƙale, ta ja wata ta maƙale. Can ta lanƙwashe ta yi shiru.

"Innalillahi," in ji tsofaffin. Ɗaya ta ce, "Allah ya rufa asiri da aka gwada." Gwaggo ba ta yi murna ba, in faɗi gaskiya. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba laifinki ba ne, yarinya. Haka Allah ke halittar wasu." Sannan ta jawo gwangwanin madara daga katan, mai kaurin nan mai zaƙi ta masu shayi, ta huda shi da wuƙa. Ta ce za a sirka da ruwan rijiya a ba ta, a kuma lasa mata zuma.

Ina zaune a bakin gado, kaina a kauce, wai ni mai kunya. Kwana bakwai! Sai na saci jiki na zura hannu ta bayana cikin tsumman na kama ƙafarta. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cire rigar na jefar, a gaban tsofaffin nan, ƙirji a waje. Na warware tsumman na ɗauki 'yata na manna ta a jikina na ɗaure zanen tamau. Babbar tsohuwar ta ce, "La'ilaha illallahu! Ke, 'yar fari ce fa!" Na ce, "Inna, na sani, ni na haife ta." Hausar da Gwaggo ke yi wa dariya, ranar ta zo mini tar, ban ari kalmar Sango ko ɗaya ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan madarar da za ki ba ta, an gwada ta?"

Ta ce, "Ke, madarar kanti ce fa."

Na ce, "Ni ma nawa daga Allah yake. A gwada ta. Ba abin da zai shiga bakin yarinyar nan sai tururuwa ta fita daga cikinsa da ƙafarta."

Ba wadda ta motsa, sai ni na jawo murfin kwano da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da 'yata, na tsiyaya madarar, na karkaɗo tururuwa ta biyu. Ko mutsu-mutsun kirki ba ta yi ba, ta nutse.

Gwaggo ta ce, "Ai ba a sirka ba. Kauri ya yi mata yawa."

Na ce, "To nawa an sirka? Kawo zumarki."

Zumar nan daga gida ta taho da ita a cikin 'yar gora, tana ji da ita, ko mura ka yi ita ce magani, ko ƙuna. Ta riƙe gorar kamar ba za ta bayar ba, sannan ta miƙo. Na ɗiga, na jefa ta ukun. Na san abin da zai faru, ni da na yi shekaru ina tsince gawarsu kowace safiya. Ta maƙale, ta lanƙwashe.

Na ce, "To ga shi. Zuma ma mugun nono ce? Duk abin da ke da kauri haka yake yi musu. Ku jefa ta a ruwan kwata ku ga in ba ta fita da gudu ba, sai mu ba yarinyar ruwan kwata!" Dariya ta kufce wa ƙaramar tsohuwar, ta toshe baki da mayafi. Babbar ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, ai dama an faɗa musu 'yan Bangi sai a hankali. Kafin yamma labari ya kai har ƙofar masallacin unguwar Kuduku. Daga ranar na samu sunana.

Gwaggo kuwa ta daɗe tana kallon tururuwar da ke cikin zuma. Na jira faɗa, na ma shirya amsa, faɗan bai zo ba. Ta tashi ta fita ta zauna gindin mangwaro har azahar, ko goro ba ta ɓara ba. Na ɗauka fushi ne, na ce a raina ta daɗe ba ta yi ba. Ni ba ta ita nake ba.

Na jingina da katan ɗin madara na rufe mu da bargo, ina tatsa ina ɗigawa. Ɗigon farko ya tsaya a leɓenta bai shiga ba. Na yi ta shafa kumatunta da ɗan yatsa ina kiranta da duk sunan da ya zo bakina, da Hausa da Sango, ina roƙon Allah, ina yi mata faɗa ma. Na ce, "Ke, na zubar da mutuncina a gaban manya saboda ke, wallahi ba ki isa ki tafi ba." Can sai maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye. Da la'asar ƙafar ta yi ɗumi, kafin magariba ta tsula mini fitsari a ciki, ya gangaro har cinyata. Ban taɓa murna da fitsari irin ta ranar ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara cewa in kwance ta. Wankan jego na ce a dakata, na riƙa goge jiki da tsumma mai ɗumi. Gwaggo ta daina yi mini magana, amma kunun kanwa bai taɓa yankewa ba, sau uku a rana za ta ajiye a bakin gado ta fita. Har kaza ta samo, ban san ta ina ba, a garin da ba kasuwa. Bayana ya ƙage, don a zaune nake barci. Nonuwana suka cika suka yi tauri, ruwan ya sauya daga rawaya ya koma fari. Zufa, fitsari, nono, duk a zane ɗaya. Da kaina nake jin tsamin jikina, ban damu ba.

Da Mama ta dawo ta leƙa cikin rigar, ta taɓa ƙafa, ta taɓa ciki, ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah. Na ba ta labarin tururuwa, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in ina son wanka, wani na iya karɓarta, muddin fata da fata ne, ko namiji ko tsohuwa. Na fassara wa Gwaggo, wannan karon daidai yadda aka faɗa. Ta girgiza kai ta ce, "Jikina ba ya yi wa jarirai," ta fice.

Ranar kwana shida, ina ƙoƙarin tatsa, sai na ji 'yar banzar nan tana goga fuska tana lalube. Na ɗan sassauta zanen na saita mata. Ta kuskure, ta sake kuskurewa, sai caraf ta kama. Kai! Ja ɗaya ta yi na ji shi har cikin marata. Na ƙwala ihu, "Ta kama! Gwaggo, ta kama!" Ihun da duk layinmu sai da aka ji, wasu suka ɗauka harsashi ne ya faɗo gidan. Gwaggo ta zo bakin ƙofa da muciya a hannu, ta tsaya tana kallo. Ni kuwa ban kau da kai ba, ido na zuba wa 'yata har ta saki don kanta.

Suna babu rago, babu taro, 'yan dattawa suka yi fatiha a zaure aka raba dabino. Mijina ya iso bayan an buɗe hanya, tun a tasha aka tare shi da labarin matarsa. Ya shigo fuska a ɗaure. Na buɗe masa wuyan rigarsa da ke jikina na ce leƙa. Ya leƙa, ya daɗe, ya zauna a kan katan ya rufe fuska da hula. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya.

Ta rayu. Yau ta fi ni tsawo, ta fi ni baki, 'ya'yanta huɗu, duk a ƙirjinta suka fara kwana. Kuma babu ƙarnin da ya bi ta. Sunanta kuwa a tsakiyar kasuwa nake kiransa da ƙarfi, wanda zai ji ya ji. In aka ce kowa ya faɗi abin da ya yi a duniya, ni da wannan zan fara, kuma da alfahari: yarinyar da ba ta kai damtsena ba, na riƙe ta da zafin jikina da cokalin shayi, ana harbi a waje.

Amma akwai abin da tsofaffin unguwa ba su sani ba, don ban taɓa faɗa ba sai da Gwaggo ta rasu.

Wata rana da azahar, yarinyar ta kusa wata guda, ana ruwan sama, mijina yana kasuwa. Gwaggo ta shigo ta ce ruwan wanka na bayan ɗaki. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ga ta tura ƙofa ta rufe. Ta zauna a bakin gado ta cire rigarta, ta sassauta zane zuwa ƙugu. Ta ce, "Ba ni ita. Nuna mini yadda ake yi."

Na kwantar mata da ita a ƙirji, na juya kan gefe, na ɗaure. Ta zauna ƙiƙam, hannuwa a sama kamar mai tsoron taɓa tukunyar zafi. Yarinyar ta yi miƙa, ta goga fuska, ta koma barci. Sai a hankali hannuwan suka sauko.

Ta fara magana, ba ta dube ni ba. "Nawa namiji ne. Shi ba bakwaini ba ne, ƙato ne, cikakke. Aka gwada, tururuwa ta mutu. Aka sa shi a nonon akuya. Nawa ya cika yana zuba, ina tatsewa a rami ina rufewa da ƙasa, shi yana kuka a ɗakin kakarsa ina ji. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Da aka fita da shi ina zaune ina shan kunu, ban ajiye ludayin ba, don ɗan fari ne, manya na kallo. Sauran ukun ko gwadawa ba a yi ba, an riga an san nonona. Daga haihuwa sai hannun yayata."

Ruwa na ta dukan kwano.

Ta ɗago ta dube ni. "Ke da kika san tururuwa, faɗa mini tsakaninki da Allah. Ashe nonona lafiyarsa lau?"

Na so in yi mata irin fassarar da na yi tsakaninta da Mama, in rage, in sassauta. Na kasa. Na ce, "Lafiyarsa lau, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta sunkuyar da fuska a kan hular safar nan, sai na ji ta kira wani suna, na namiji, a hankali, ta sake kira da ƙarfi. Shekara arba'in da wani abu sunan na bakinta bai taɓa fita ba. Sannan ta yi kukan, ni ma na zauna a ƙasa na kama ƙafarta muka yi tare. Yarinyar ko farkawa ba ta yi ba. Ruwan wankana ya huce a bayan ɗaki, da yamma Gwaggo ta sake ɗora wani.